Haɗa magani da horon farfaɗowa wajen kula da mai cutar mantuwa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da iyalai suka fi yi da zarar likita ya rubuta wa tsohonsu magani, ya kuma ce a riƙa kai shi horo. Bayanin na kowa da kowa ne. Fara magani, ƙara shi ko dakatar da shi kuwa shawara ce ta likitan da ya duba majinyacin da idonsa.

Shin cutar mantuwa ba tsufa ba ne kawai?

A'a. Tsoho mai lafiya kan manta inda ya ajiye makulli, can anjima ya tuna. Mai cutar mantuwa yana iya riƙe makullin a hannu ya rasa abin da ake yi da shi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa sannu a hankali, har abin ya taɓa tunani, magana, gane hanya, lissafin kuɗi da halayya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke fama da ita a 2021, kuma kusan miliyan 10 na kamuwa duk shekara.

Cutar iri-iri ce. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce, wadda wani likita ɗan Jamus mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906. Akwai wadda toshewar jijiyoyin jini ke haddasawa, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki. Akwai ta Lewy, mai zuwa da gane-gane da sanƙarewar jiki irin ta masu cutar Parkinson. Akwai kuma mai kama gaban ƙwaƙwalwa, wadda kan fara da canjin hali ko ɓacewar kalmomi tun mutum bai tsufa sosai ba. Sanin irin yana da muhimmanci, domin maganin da ya taimaki wannan yana iya cutar da wancan.

Ana warkewa?

Irin waɗanda aka ambata a sama ba a warkar da su. Abin da ake iyawa shi ne rage alamomi, jinkirta ranar da mutum zai kasa yi wa kansa abubuwa, da sauƙaƙa zaman gida. Duk wanda ya zo muku da alƙawarin dawo da ƙwaƙwalwar kamar da, kuɗinku yake nema.

Me ya kamata a bincika kafin a fara magani?

A tabbatar tukuna cewa cutar ce. Ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin ƙullin maƙogwaro mai sarrafa ƙarfin jiki, ciwon damuwa, taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, cutar ƙanjamau, da illar wasu ƙwayoyi duk suna kwaikwayon cutar mantuwa, kuma da yawansu na jin magani. Shi ya sa ake gwajin jini, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa.

A kuma duba ido da kunne. Wanda ba ya ji sosai zai faɗi gwajin tunani ko da ƙwaƙwalwarsa da sauran ƙarfi, kuma ba zai amfana da horo ba tunda rabin maganar ba ta isa gare shi. Tabarau da na'urar ji suna cikin magani. Sannan a auna bugun zuciya, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Waɗanne magunguna ake bayarwa, kuma me suke yi?

Huɗu ne aka daɗe ana amfani da su. Uku dangi ɗaya ne: donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, da rivastigmine da galantamine. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, musamman wajen maida hankali da tunawa. Cutar Alzheimer na rage shi. Waɗannan magunguna suna hana jiki saurin rusa ɗan abin da ya saura. Kamar ɗaga lagwanin fitila ne: haske zai ƙaru, amma ba a ƙara mai ba. Ana ba da su a matakin farko da na tsakiya, kuma masu cutar Lewy kan amsa su sosai.

Na huɗu shi ne memantine, wanda ke rage yawan zaburar da wani sinadarin ke yi wa ƙwayoyin jijiya. An fi ba da shi idan cutar ta kai tsakiya ko ta yi nisa, shi kaɗai ko tare da donepezil.

Duka ana farawa da kaɗan. Donepezil kan fara daga miligiram 5 a rana, sai bayan aƙalla wata guda a kai 10. Memantine kan fara daga 5, a riƙa ƙara 5 duk mako har 20. Rivastigmine yana zuwa har a siffar filasta da ake manna wa fata a canza kullum, abin da ke taimakon masu wahalar haɗiya.

Amfaninsu matsakaici ne, gaskiyar ke nan. Wasu kan ɗan ware, wasu su tsaya cik na tsawon watanni, wasu kuma ba a ganin komai. Ba a ba masu cutar gaban ƙwaƙwalwa waɗannan magunguna, don suna iya ƙara musu rashin natsuwa. Mai cutar jijiyoyin jini zalla kuwa, babban maganinsa shi ne kula da hawan jini, ciwon suga da kitsen jini, da barin taba.

Mene ne amfanin horon farfaɗowa ga wanda ba zai warke ba?

Mutane kan ɗauka horo na wanda ya karye ne ko ya samu shanyewar jiki, wanda ake sa ran zai miƙe. A nan manufar dabam ce: a riƙe abin da mutum ke iyawa muddin zai yiwu, abin da ya kuɓuce kuma a nema masa wata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar mantuwa cikin kundin ayyukan farfaɗowa da ta fitar a 2023.

Horon yana da rassa. Akwai zaman zaburar da tunani, wanda masana a Landan ƙarƙashin Aimee Spector suka tsara suka gwada, aka wallafa sakamakon a 2003. Ana tara mutum biyar zuwa takwas, sau biyu a mako, minti 45 kowane zama, har zama 14. Ba jarrabawa ake yi ba. Ana hira kan ƙuruciya, kan kuɗi, kan labaran duniya, a yi waƙa, a taɓa abubuwa a shinshina su, kuma ra'ayi ake tambaya, ba amsar da ake ci ko a faɗi ba. Amfanin da aka gani a gwajin tunani ya yi kusa da na ƙwayoyin, shi ya sa hukumar tsara jiyya ta Ingila ta sa shi cikin shawarwarinta tun 2006.

Akwai horon mutum ɗaya mai manufa takamaimai, inda majinyacin da kansa yake zaɓar abin da yake son ya iya: kiran 'yarsa a waya, tuna sunayen jikoki, dafa ruwan zafi ba tare da barin wuta a kunne ba. Wani babban gwaji a Birtaniya mai mutum 475, ƙarƙashin Linda Clare, ya nuna cewa zama 10 cikin wata uku na sa mutane su fi iya abin da suka zaɓa. Makinsu a gwajin tunani bai ƙaru ba, amma ba maki suka je nema ba.

Sauran rassan su ne na masanin ayyukan yau da kullum, wanda ke shiga gida ya gyara tsarin wanka, sutura da ɗaki. Na likitan gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, don ƙarfi da tafiya. Da na masanin magana da haɗiya.

To me ya sa sai an haɗa su biyun?

Domin kowanne na cike giɓin da ɗayan ya bari. Ƙwaya na iya sa mutum ya fi farkawa, ya fi bin magana, amma ba ta koya masa yadda zai kunna rediyonsa. Idan aka ba shi magani aka bar shi zaune shiru a ɗaki daga safe zuwa dare, ɗan hankalin da ya ƙaru ba shi da inda zai sauka. Haka kuma wanda hankalinsa ke yawo bayan minti biyu, da wuya horo ya kama shi, sai magani ya ɗan tsayar da shi.

Akwai shaidar bincike. A gwajin da aka wallafa a Ingila a 2014, an ci gaba da zaman zaburar da tunani sau ɗaya a mako na tsawon makonni 24, kuma waɗanda tunaninsu ya fi amfana su ne masu shan dangin donepezil a lokacin. Sakamakon daga wani rukuni ne cikin mahalarta, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya dace da abin da hankali ke bayarwa.

A ganina akwai dalili na uku da ba a cika faɗa ba. Mai ba da horo yana ganin majinyaci kowane mako, likita kuwa sai bayan watanni. Shi ne zai fara lura cewa wando ya yi wa Baba yawa, ko yana tangaɗi idan ya miƙe, ko ya daina cin abinci tun da aka ƙara magani. Idan su biyun suna magana da juna, illa ba ta yin nisa.

Wanda ke mantuwa, ta yaya zai koyi sabon abu?

Cutar Alzheimer ta fi saurin cin ɓangaren da ke ajiye abin da ya faru ɗazu. Ɓangaren da ke ajiye sabon hannu, wato abin da jiki ya saba yi, yana daɗewa bai taɓu ba. Ta nan ake shiga.

Misali, ana so Baba ya iya kiran 'yarsa. Sai a rage aikin ya koma mataki biyu: ɗauki waya, danna maɓallin da aka manna wa jan tef. Mai horo ba zai ce "Baba, ina za ka danna?" ya bar shi yana lalube ba, domin idan ya danna kuskure, kuskuren ne hannunsa zai riƙe. Zai ce, "Baba, ga jan nan, danna shi," ya kai yatsansa wurin in ta kama. Wayar ta yi ƙara, 'yar ta ɗauka, suka gaisa. Bayan rabin minti a sake. Sannan bayan minti ɗaya, biyu, huɗu, takwas. Da ya yi alamar ɓata, a ba shi amsa nan take, a koma tazarar da ya ci a baya. Bayan makonni yana iya kiran 'yarsa shi kaɗai, alhali in kun tambaye shi wa ya koya masa, zai ce ai tun da can ya iya. Ku bar shi a haka.

Abu ɗaya ake koyarwa a lokaci guda, a wuri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, kuma kowa a gidan ya bi tsarin.

Waɗanne illoli za mu sa wa ido?

Dangin donepezil kan kawo tashin zuciya, amai, gudawa, rashin cin abinci da rama, musamman makonnin farko ko bayan ƙari. Suna kuma rage bugun zuciya, har wani ya suma ya faɗi, shi ya sa ake auna bugun kafin farawa, kuma dole likita ya san in akwai ciwon zuciya, gyambon ciki ko asma. Idan donepezil na dare yana kawo munanan mafarkai, likita kan maida shi safe. Mai amfani da filasta ya tabbatar an cire ta jiya kafin a manna ta yau, a kuma riƙa canza wuri. Memantine kan kawo jiri, ciwon kai da taurin bayan gida, ana kuma rage shi ga mai ciwon ƙoda.

Suma, baƙin bayan gida ko amai marar tsayawa, asibiti za a nufa a ranar.

Akwai magungunan da ke warware aikin maganin mantuwa?

Akwai, kuma suna cikin gidaje da yawa. Chlorpheniramine da diphenhydramine na mura da ƙaiƙayi, oxybutynin na riƙe fitsari, da amitriptyline duk suna toshe sinadarin nan da donepezil ke ƙoƙarin ƙarawa. Diazepam da danginsa na ƙara ruɗewa da faɗuwa. Ku tattara duk abin da majinyaci ke sha cikin jaka ɗaya, har wanda aka saya ba da takardar likita ba, ku kai a duba. Wani lokaci cire ƙwaya ɗaya ya fi ƙara biyu amfani. Amma kada ku yanke da kanku, wasunsu a hankali ake janye su.

Mamarmu na rikicewa da yamma, tana ɗaure kaya wai za ta gida, har ta kai wa mutum duka. Ba za a ba ta maganin kwantar da hankali ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zafi, kuma nan ne haɗa magani da dabara ya fi nuna kansa. Kafin ƙwaya, a nemi dalili. Mutumin da kalmomi suka ƙare masa, da jiki yake kai ƙara. Ciwon gwiwa ne? Haƙori? Kwana nawa ba ta yi bayan gida ba? Fitsari na yi mata zafi? Yunwa, ƙishirwa, hayaniyar talabijin, duhun da ke maida labule ya zama mutum? Wani gwaji a gidajen kula da tsofaffi na ƙasar Norway, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ba da maganin ciwo bisa tsari, akasari farasitamol, ya rage tashin hankalin majinyata. Idan kuma ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a zargi wata cuta ta dabam, a kai ta asibiti.

Sai yadda ake amsa mata. "Mama, ai nan ne gidanki, shekara talatin kina nan" gaskiya ce, amma faɗa take jawowa. Gwada zama kusa da ita: "Mama, kina kewar gida ko? Wa kika baro a can?" A bar ta ta ba da labari, a miƙa mata tufafi ta taya ninkewa, a kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba. Yawancin lokaci tsoro ne ke damunta, ba tafiyar ba. Tattaki da hasken rana da safe, da rage barcin rana, suna gyara daren.

Magungunan taɓin hankali irin haloperidol da risperidone suna da wurinsu, idan akwai haɗari na gaske ga majinyaci ko mutanen gida kuma dabaru sun gaza. Amma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, tun 2005 kan dangin risperidone da 2008 kan dangin haloperidol, cewa irin waɗannan na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, suna kuma ƙara haɗarin shanyewar jiki. A Birtaniya izinin risperidone don wannan matsala bai wuce makonni shida ba. Ga mai cutar Lewy kuwa, haloperidol na iya sanƙarar da shi ya kwantar da shi gaba ɗaya. Wanda aka bugar da ƙwaya ya yi shiru, ba sauƙi ya samu ba, kuma horonsa ya tsaya ke nan.

Motsa jiki na gyara ƙwaƙwalwa?

Kada a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Gwajin da aka yi wa mutum 494 a Ingila, aka wallafa a 2018, ya nuna atisaye mai ƙarfi ya ƙara musu ƙarfin jiki amma bai rage saurin lalacewar tunani ba. Duk da haka a yi shi. Ƙarfin cinya ne ke sa mutum tashi daga kujera ya kai kansa banɗaki, karayar ƙugu ɗaya kuma na iya kwantar da shi har abada.

Mun ji labarin sababbin allurai. Su fa?

Lecanemab ya samu cikakken izini a Amurka a 2023, donanemab a 2024. Ana ba da su ta ƙarin ruwa, na farko duk mako biyu a farkon jiyya, na biyu duk mako huɗu, kuma suna share wani furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. A babban gwajinsa, lecanemab ya rage saurin lalacewa da kimanin kashi 27 cikin 100 a wata 18. Cutar dai ta ci gaba, tafiyarta ce ta ragu. Na masu matakin farko ne kawai, sai an tabbatar da furotin ɗin ta hoto na musamman ko ruwan ƙashin baya, kuma suna iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka ana maimaita hoto a kai a kai. Mai karɓarsu ma yana buƙatar horo kamar kowa.

Wata shida ke nan ba mu ga canji ba. Mu daina maganin?

A cutar da ke ci gaba kullum, tsayawa wuri ɗaya ma riba ce. Hanyar ganewa ita ce ku zaɓi abubuwa uku ko huɗu tun ranar farawa ku rubuta: yana sa riga da kansa? Sau nawa yake tashi da dare? Yana shiga hira? Ku kai wa likita wannan takarda, ta fi "yana nan dai" amfani.

Game da dainawa, wani gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2012 ya nuna waɗanda aka cire wa donepezil bayan cutar ta yi nisa sun fi saurin lalacewa a kan waɗanda suka ci gaba. Tsananin cuta kaɗai ba dalilin dainawa ba ne. Illa mai tsanani, rama ko wahalar haɗiya kan zama dalili. Idan an yi kwanaki ba a sha ba, musamman rivastigmine, kada a koma kan babban adadin kai tsaye sai an tambayi likita.

Idan babu masanin horo kusa da mu fa?

Rabin aikin a gida ake yinsa ko da akwai shi. Tsayayyen tsarin rana: lokacin tashi, ci, wanka da kwanciya kada ya riƙa canzawa. Babban agogo da kalanda a bango. Hoto a ƙofar banɗaki, fitila a hanyarsa da dare. A jera tufafi bisa yadda ake sa su, a ba da zaɓi biyu kawai. Umarni ɗaya a lokaci guda, a jira amsa. Mafi wuya shi ne riƙe hannunku: idan maɓallin riga zai ɗauke shi minti biyar, ku ba shi minti biyar ɗin, don abin da kuka karɓe masa yau da wuya ya dawo. Maganin kuma ya kasance a hannun mutum ɗaya, cikin akwatin ƙwayoyi mai ranakun mako, saboda mai mantuwa na iya sha sau uku ko ya ƙi sha sam.

Mai jinya fa, yana cikin tsarin?

Yana ciki dumu-dumu. Shi ke ba da magani, shi ke maimaita horo, in ya faɗi duka biyun sun faɗi. Shirin zama takwas da aka gwada a Landan, aka wallafa a 2013, ya rage damuwa da fargaba ga masu jinyar 'yan uwansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da littafin koyarwa kyauta mai suna iSupport. A raba kwanaki tsakanin 'yan uwa a rubuce, kuma wanda ba ya kwana da majinyaci ya rage yi wa mai kwana gyara.

Idan cutar ta yi nisa sosai, horo ya ƙare ke nan?

Bai ƙare ba, manufarsa ce ke canzawa. Likitan gashi zai koya muku juya majinyaci da motsa gaɓoɓinsa don kada su ƙage ko fata ta yi gyambo. Masanin haɗiya zai nuna yadda za a zaunar da shi tsaye lokacin ci, da kaurin abincin da ba zai shaƙe shi ba, tunda abincin da ya zarce huhu na cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon huhu a wannan mataki. A tsaftace baki kullum. Likita kuma zai sake duba jakar magunguna ya rage waɗanda amfaninsu ya wuce, ya ƙarfafa na ciwo, wanda ake gane buƙatarsa ta yamutsa fuska, nishi ko janye jiki idan an taɓa wani wuri.